Indararon Kansila

Shekarar da sojoji suka tattara komatsansu suka koma bariki, kowa a cikin birni yana lissafin abin da farar hula za ta kawo masa. Wasu na jiran ruwan famfo, wasu kwalta, wasu aiki. Mu a lungunmu na Zaitawa indararo ta kawo mana.

Maƙwabcinmu na ta baya, wanda duk unguwa ta sani da sayar da kayan gyaran babur a Ƙofar Ruwa, ya tsaya takarar kansila ya ci. Ba a daɗe da rantsar da su ba ya rushe gidan ubansa na ƙasa, ya ɗora bene na siminti mai fenti ruwan hoda, wanda in rana ta haska shi sai ka kau da kai. Wannan bai dame mu ba, gidansa ne. Abin da ya dame mu, ruwan rufin nan gaba ɗaya aka haɗa shi a bututu guda mai faɗin baki, aka leƙo da shi ta gefenmu, daidai saitin katangar ɗakin Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, sai ta dawo gidan ubanta ta shiga ɗakin da aka haife ta a ciki. Soro ne na ƙasa da azara, mai sanyi da bazara, kuma ita ba ta da wani wuri a duniya da za ta ce nata ne sai shi. Ta haura saba'in a lokacin. Saƙar faifai take yi tana ba yara su kai mata kasuwa, ba ta roƙon kowa komai. Ni kuwa ina koyarwa a makarantar sakandare, ina haya a wajen gari da matata da 'ya'yana, don gidan gado ya cika. Mahaifina ya riga ya rasu, saboda haka duk abin da ya taso na Gwaggo ni ake aiko wa. Ba ta faɗin sunana, don sunan babanta na ci. Mai sunan Malam take ce mini.

Ruwan farko da aka yi aka aiko mini. Na zo na tarar indararon nan ya tona rami a gindin katangar, yaɓen ya zube har ana ganin tubali. Na shiga wajen kansila. Ya karɓe ni a sabon zaurensa, ya sa aka kawo mini lemo, Malam sama Malam ƙasa, ya ce kuskuren magina ne, kuma da zarar ya dawo daga wani zama na majalisa za a karkatar da bututun. Zaman nan har yau ban ji an tashi ba. Na je wajen mai unguwa, ya saurare ni yana jan carbi, ya ce shi nasa sulhu ne, kuma yaron nan yanzu gwamnati ne, sai an bi shi a hankali. Na ce masa ruwan sama ba ya bin kowa a hankali. Ya ce in yi haƙuri. To, da haƙurin ya ƙare sai na ɗauki Gwaggo muka nufi kotu.

Kafin wannan lokaci, ni a sanina alƙali alƙali ne: ka je gabansa, ka faɗi naka, abokin shari'arka ya faɗi nasa, ya yanke. Ashe ban san garin ba. Ashe iri-iri ne, hawa-hawa, kowanne da irin tufarsa da irin gaisuwar da ake yi masa, kuma kowanne ya ƙware a kan sanin abin da ba aikinsa ba ne.

Na farkonsu alƙalin kotun yanki ne, wanda a ke cewa alƙalin ƙasa. Dattijo ne mai rawani da babbar riga, muhutinsa na gefe yana rubutu, ana ce masa Allah ya gafarta Malam. A gaskiya ranar farko ya burge ni. Ya bar Gwaggo ta yi bayani da bakinta, da Hausa, bai katse ta ba. Ya gyara zama ya ce ai wannan mas'ala ce sananniya, littattafan fiƙihu sun yi babi guda a kan ruwan maƙwabci, ba a yarda mutum ya sako wa wani cuta ta saman katanga ba. Ya ce zai zo da kansa ya gani da ido. Muka fito ina ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir, har na saya wa Gwaggo goro a bakin hanya.

Zama na biyu kansila bai zo ba, lauya ya turo, wani siriri cikin baƙar kwat yana ta zufa. Ya miƙe ya ce gidan wanda yake karewa yana da takardar mallaka ta gwamna, kuma duk rigimar da ta shafi ƙasa mai irin wannan takarda a cikin birni, babbar kotu ce kaɗai ke da ikon jin ta. Na zuba wa alƙali ido ina jiran ya ce masa ba ƙasa ake magana ba, ruwa ake magana. Sai na ga ya sunkuya yana yi wa muhuti raɗa. Babin fiƙihun nan da ya karanto mana wancan zama ban san inda ya shige ba. Ya ɗaga shari'ar, ya sake ɗagawa, ana ta ruwa, katanga na ta zaizayewa. Ranar da ya ga dama ya yi magana, kalma huɗu ce ta fito daga cikin rawanin nan.

"Ba ni da hurumi."

Ni na gane nufinsa, wato shari'ar ta fi ƙarfin kujerarsa. Gwaggo kuwa hurumin da ta sani tun tana yarinya shi ne maƙabarta, filin da a ke keɓewa a bayan ganuwa ba a noma shi. Da muka fito ta tsaya tana gyara mayafi, fuskarta duk tausayi.

"Allah sarki. Babban malami kamar wannan ba shi da hurumi? To in ya mutu ina za a kai shi?"

Na yi dariya har da hawaye a ranar. Daga baya na daina, don kalmar nan sai da ta zame mana kamar sallama, duk ƙofar da muka shiga da ita a ke tarbar mu.

Aka ce mu ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke saman tasa. Can ma rawani ne, sai dai ya fi na farkon girma, kujerar ma ta fi tudu. Wannan bai ko ɗago ya dubi Gwaggo ba. Ya karanta abin da na ƙasa ya rubuta, ya ce ya yi daidai, shi ma ba shi da hurumi. A cikin wannan tsakani ne aka zo aka sauya wa kotunan nan suna, aka goge allunan ƙofa aka rubuta sababbi da koren fenti. Mutanen unguwa suka yi ta ce mini in koma, yanzu al'amura sun canja. Na koma na leƙa. Alƙalin nan ne dai, muhutin nan ne, har bencin da ke da karyayyar ƙafa yana nan inda na bar shi. Mai fenti ne kawai ya sami aiki.

Damina ta wuce katangar na tsaye da ƙyar, ta yi ciki ta waje. Da rani na kira magina suka cike ramin suka sake yaɓe, suka ce mini gaskiya in dai bututun nan na nan, aikin banza muke yi. Sai muka hau gaba, wajen manyan alƙalan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci, waɗanda a ke kira kadi. Su ba ɗaya ke zama ba, uku ne a jere, masu furfura da tabarau, kana ganinsu ka san an sha karatu. Na ce yau dai mun zo gidan ilimi. Tambayoyi suka jero wa Gwaggo cikin ladabi. Maganar aure ce? A'a. Gado ne? A'a. Kyauta ce ko wakafi ko riƙon maraya? A'a. Na tsakiyar ya buɗe hannu ya ce to ai su iyakar abin da tsarin mulki ya ba su ke nan, abin da ya fita daga wannan ba su da hurumi. Malamai uku, in ka tara karatunsu zai cika ɗaki, amma an ɗaure su a kan aure da gado, kuma ban ga alamar ɗaurin yana damun ko ɗaya daga cikinsu ba.

A baranda wani ma'aikacin wurin ya ja ni gefe ya ba ni shawara, wai mu sake shigar da ƙarar mu ce katangar gado ce a ke jayayya a kai, sai ta shigo huruminsu. Na faɗa wa Gwaggo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta yi ƙarya tana budurwa ba, ba za ta fara da furfura ba, ruwa ne ke cin ɗakinta, ba magada ba. Ban sake tayar da maganar ba.

Saura babbar kotu, wadda tun farko kowa ke nuna mana da baki. Can ba ka magana da bakinka, sai ka ɗauki lauya. Na sami wani matashi, wan wani ɗalibina, mai kirki amma sabon shiga, in zai miƙe gaban alƙali har takardunsa rawa suke yi. Alƙalin can ba a ce masa Malam, Mai Shari'a a ke cewa. Baƙar riga ce har ƙasa, da wata hular farin gashi a ka, a garin da zafi ke narka kwalta. Ana buga ƙofa sau uku kowa ya miƙe, ya shigo ya rusuna, a rusuna masa. Komai da Turanci. Gwaggo ta zauna a bencin baya tun safe har azahar, da aka kira shari'arta ba ta ma san an kira ba. Lauyoyi biyu suka miƙe, suka yi 'yan maganganu, Mai Shari'a ya duba kalanda ya faɗi wata rana. Na tambayi lauyanmu me aka yi. Ya ce yau ambato kawai aka yi. Wato mun tashi tsohuwa tun asuba, mun hau da ita mota, don a ambace ta.

Ranar da aka sa muka dawo, aka ce Mai Shari'a ba ya nan, ya tafi babban birnin tarayya taron ƙara wa juna sani a kan yadda za a hanzarta shari'a. Wallahi ba ƙari na yi ba, haka magatakarda ya faɗa mini, ko kunya bai ji ba. Ranar da ta biyo baya lauyan kansila ne ba shi da lafiya. Kafin ta gaba hadari ya fara haɗowa ta gabas, ni kuwa duk sanda na ji iska ta kaɗa sai na fita ina duba sama. Na roƙi Gwaggo ta dawo wajena kafin a gama. Ta ce in ta fita daga ɗakin nan ta bar wa bututu ke nan, ba inda za ta.

Sai kuma aka ce alƙalan babbar kotu sun tafi hutun shekara. Ban san wanda ya zauna ya zaɓar musu lokacin hutu ba, amma ya zaɓi tsakiyar damina cif, watan da gidajen ƙasa ke zubewa a cikin birni. Lauyanmu ya ce kada in damu, akwai alƙalin hutu, wanda a ke bari don al'amuran gaggawa. Muka rubuta roƙo cewa a ba da umarni a karkatar da bututun kafin a gama shari'a. Muka tarar da kotunsa cike da 'yan siyasa da manyan riguna, ana ta rigimar wani shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa suka tsige. Wannan ita ce gaggawa. Da aka zo kanmu can da yamma, ya duba takardun ya ce maganar da ta shekara tana yawo a kotuna ba za a ce da ita gaggawa ba, a jira mai ita ya dawo. Ka ji fa. Su suka shekarar da ita, kuma shekarar ce ta zama hujjar ƙin jin ta.

Muka yi abin da za mu iya. Na sa aka jingina tsohon kwanon rufi a jikin katangar, muka jera buhunan yashi a gindinta, muka rufa leda. Ruwan da ke saukowa daga saman bene ta baki ɗaya ba ya jin wannan. Wata ranar Laraba bayan la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Allah ya sa Gwaggo ta fito tsakar gida kwashe kabar saƙarta da ta shanya, tana cikin rumfa tana jiran ya tsagaita, sai katangar ta tafi. Rabin soron ya bi ta. Gadonta, da tabarmar sallarta, da kwallayen da ta gada wajen uwarta, duk suna ƙarƙashin ƙasa. Da na iso na same ta zaune a kan turmi a jiƙe, ba ta kuka, tana kallon wurin kawai.

Katangar ba ciki ta faɗo ba, waje ta yi, ta faɗa ɗan lungun da ke gefen benen kansila, ta danne masa janareta. Ko kwana uku ba a yi ba sai ga sammaci.

Nan na san akwai wani irin alƙali da ban taɓa gani ba, majistare. Shi ba rawani, ba hular gashi, kwat ce da agogo, kuma ba ya hutun damina. Laifuffuka yake ji, ɗan sanda ne ke gabatar masa da ƙara. Abin da a ke tuhumar Gwaggo da shi wai sakaci da ginin da ya jawo ɓarnar dukiyar maƙwabci. Aka kira ta, aka nuna mata akwatin da masu laifi ke tsayawa. Wanda ya fita daga cikinsa kafin ita ɓarawon akuya ne. Ta shiga ta dafa katakon da hannu biyu, don ƙafafunta ba sa ɗaukar tsayuwa, kanta da ƙyar ya leƙo sama.

Lauyanmu ya miƙe, wannan karon ba rawar takarda, ya ce maganar katangar nan tana gaban babbar kotu, don haka wannan kotu ba ta da hurumi. Na ce a raina yau dai kalmar nan za ta yi mana rana. Majistare ko takarda bai buɗe ba.

"Ina da hurumi. A ci gaba."

Shekara da watanni ina yawo da tsohuwa daga rawani zuwa rawani, daga rawani zuwa hular gashi, ban taɓa jin wani ya faɗi haka ba sai ranar da ita ce a cikin akwati. Ban san sanda na miƙe ba. Na ce ranka ya daɗe, ashe katangar ba ta da alƙali sai janareta? Ya buga tebur ya ce in na ƙara kalma ɗaya zai sa a tsare ni da laifin raina kotu. Na zauna, don in aka rufe ni ba mai mayar da Gwaggo gida. Amma in dai raini ne, ai da ya sa an auna wanda ke cikina a lokacin, da har yau ban fito ba.

Ya ba da belinta a hannuna, sannan ya sassauta murya ya ce shi shawara zai ba mu a matsayin ɗa, tunda maƙwabta ne a je a yi sulhu. Sulhun a zauren mai unguwa aka yi shi, wanda yanzu ya sami bakin magana. Kansila ya ce shi don Allah ya yafe janareta, zai janye ƙara, har ma zai gina katangar da bulo da kuɗinsa. Sai dai magina sun ce ginin bulo yana son tushe mai faɗi, kuma ta gefensa ba wuri, dole a ɗan shigo ta namu. Na ce ban yarda ba. 'Yan uwana na cikin gida suka taso mini, suka ce in ni ina jin daɗin ganin Gwaggo a akwatin ɓarayi su ba sa ji, kuma ni a wajen gari nake kwana, su ne ke zaune da mutumin. Dole na haƙura. Aka yi addu'a aka shafa, har da masu yi wa kansila godiya.

Ɗan shigowar nan da aka ce, da aka ja igiya sai ga shi ya cinye fiye da rabin ɗakin. Abin da ya rage ko gado ba zai shiga ba, gawayi a ke ajiyewa a ciki yanzu. Da alƙalan babbar kotu suka dawo daga hutu, Mai Shari'a ya saurari lauyoyi na ɗan lokaci ya kori ƙararmu, ya ce abin da a ke shari'a a kai babu shi. Wannan ne kaɗai hukuncin da na ji daga bakinsu wanda ba zan iya musantawa ba.

Na ɗauko Gwaggo na kawo ta gidana. Matata ta kwashe yara ta ba ta ɗakinsu, ta yi mata duk abin da a ke yi wa uwa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ba ta kuma sake ambaton kansila ko kotu ba. Saƙar ce dai ta daina, ta ce kabar nan wajen ba ta da kyau.

Ranar da ta fara kwana, da magariba na shiga na same ta tsaye da sabuwar tabarma a hannu, tana juyawa a tsakiyar ɗaki.

"Mai sunan Malam, ina ne gabas a nan?"

Na nuna mata. Washegari ta sake tambaya, na sake nunawa. Na ɗauka baƙunta ce, za ta saba. Na sa alli na yi mata alama a bango, ta ce ba ta gani sosai. Matar da tun tana 'yar shekara bakwai take salla ba ta taɓa tambayar kowa alƙibla ba, ta yi sauran kwanakinta a gidana, kuma kowace salla sai ta tsaya da tabarma a hannu ta jira wani ya zo ya juya ta.